Sadakar Mai Tuta

Ranar Alhamis ce, a ƙarshen tsinkar auduga. Na tashi da kiran assalatu na buɗe tukunyar ƙullu. Ya kumbura har ya ɗaga faifai. Na ce alhamdu lillahi, yau waina za ta yi kyau. 'Yata Kulu ba ta kai yaye ba a lokacin. Na goya ta tana barci, na ɗora tanda a ka, na nufi gidan Baba. Da sauran ɗan sanyin asuba. Ana jin ruwa na zuba a ƙofar tur'a, babbar hanyar ruwan da ta bi ta bayan gidajenmu. Jakin maigidana yana ta kuka don ba a zuba masa kara ba.

Ƙauyenmu ana ce masa Hillat Mainasara, tafiyar hantsi daga garin Hajj Abdalla. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya musu a yankin Jazira na ƙasar Sudan, suka shiga aikin auduga. A nan aka haifi Baba. A nan aka haife ni. Larabawa na ce mana Fallata, muna amsawa, don ba a faɗa da mai wuri a kan suna.

Wainar ta sadaka ce, sadakar mutumin da a hillarmu, wato ƙauyenmu, ba wanda ya taɓa gaisawa da shi. Shi ne ya ɗaga tutar Sudan ranar da Turawa suka sauke tasu. Ba sai na faɗi sunansa ba. Mu Mai Tuta muke ce masa.

Baba ya gan shi sau ɗaya. Ya sayar da akuya ya hau jirgin ƙasa zuwa Hartum, ya kutsa cikin taro, ya hango fararen kayansa daga nesa. Tun da ya dawo bai daina ba da labarin ba. Ya ce ranar ce ta farko da ya taka titin birni ba wanda ya ce masa kauce. Ya ce daga ranar mufattishi Bature, mai duba gonaki, ya daina zaginsa daga kan doki. Da zaɓe ya zo, mutanen Mai Tuta suka tsaya masa ya sami jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ya rataye hoton mutumin a zaure kusa da rediyo. Wanda ya taɓa Mai Tuta ya taɓa idon Baba.

Maigidana kuwa ko sunan ba ya son ji. Labbo sunansa, yanzu da ba ya duniya ina iya faɗa. Mahauci ne, yana gasa agashe ranar kasuwar Hajj Abdalla. Shi ma a Jazira aka haife shi, ubansa ma haka. Ya yi ta zuwa neman jinsiyya har takalminsa ya cinye, kullum a ce ya kawo shaidar kakan kakansa. In ba takarda ba ka da gonar hukuma, sai ƙodago a ta wani. In aka tashi korar baƙi da kai za a fara. Labbo ya ce Mai Tuta ya karɓo ƙasa ya raba wa danginsa, mu ya bar mu a bakin ƙofa. Ya ce 'yan tsirarun da aka ba takarda, ƙuri'arsu aka saya da ita.

Amma suruki ba ya musu da suruki. Kunya ta hana. Labbo bai taɓa cin abinci gaban Baba ba, bai taɓa shan ruwa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. In sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefe. To, danga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, ta karan dawa. Sai Labbo ya tsaya wajen turke ya ɗaga murya, wai da jaki yake: "Kai jaki, an ɗaga maka tuta, ka ƙoshi?" Baba kuma ya juya ga Liman a zaure ya ce wanda bai sha zagin mufattishi ba ba ya sanin daɗin ranar nan. Abin da ya fi ƙarfin jaki da Liman, ni ake ɗora wa. Gaya wa babanki. Gaya wa mijinki. Wallahi na gaji da su duka biyun, kuma duka biyun ina son su.

Da soja suka karɓi mulki suka kulle Mai Tuta. Bai daɗe ba ya rasu a hannunsu. Baba ya ji a rediyo cikin damina, 'yar guntuwar sanarwa, aka wuce zuwa wani labari. Ya ƙi abinci. Ya ce ko bawa ya mutu ana yi masa zaman makoki, balle uban ƙasa. Damina ba hatsi, hannun kowa na gona, sai ya ɗaga sadakar zuwa bayan auduga. Ya sayi maraƙi ya ɗaure yana tura masa dusa. Da ya zama sa, ya aika mai shela kasuwanni, aka gayyato hilloli uku na Hausawa.

Abin da ba mu auna ba shi ne lokacin. A kwanakin nan hukuma na yaƙi da mutanen wani tsibiri can a Bahar Abyad, Farin Kogi. Muna ji a rediyo. Duk inda maza suka taru da fararen riguna da rawuna, soja na ganin mayaƙa ne. Mu ba ruwanmu da tsibirin. Mai Tuta ma da mutanen can ba sa ga maciji, Baba ya ce ai kowa ya san haka. Liman ya ba da shawara a ɗaga zuwa wata mai zuwa. Baba ya ce mamaci ya jira da yawa.

Labbo ya ce ba zai zauna makokin mutumin da ya hana shi zama ɗan ƙasa ba. Ya faɗa wa jaki, ya faɗa mini. Amma a hillar shi kaɗai ne mahauci. Ran Laraba da yamma na same shi a tsakar gida yana wasa wuƙaƙe. 

Da gari ya waye an kafa rumfa a filin gaban masallaci, an shimfiɗa tabarmi. Mu mata muna bayan dangar Baba, murhu a jere. Yaya Tumba, matar Liman, tana gefena da tata tandar. Sai tsokanata take yi, wai mijina ya yi fushi da mamaci amma bai yi fushi da hanta ba. Da hantsi Liman ya yanka sa a bayan masallaci. Labbo ya tuɓe riga ya shiga fiɗa.

Baƙi suka fara zuwa, wasu a jakuna, wasu a ƙafa. A Sudan ga yadda ake gaisuwar mutuwa. Mai zuwa ya ɗaga tafukan hannu tun daga nesa ya ce Fatiha. Masu zaman makoki su miƙe gaba ɗaya, su ɗaga nasu, su tarye shi. Ba a karɓar gaisuwa a zaune. Tun safe abin da ake yi ke nan: a tashi, a shafa, a zauna. Baba na gaba da sabuwar farar riga. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na safiyar nan ba.

Rana ta ɗaga, inuwar rumfa ta fara gajarta, sai muka ji ƙugin mota ta wajen gadar tur'a. Ba ƙugin lorin auduga ba ne, wannan mun san shi. Na leƙa ta ɓular danga. Lori biyu ne masu launin ƙasa, sun tsaya a bakin fili. Soja suka diddiro. Yawancinsu samari ne, hulunan sun yi musu yawa. Wani mai tauraro a kafaɗa ya sauko daga gaba.

Na ga fuskar Baba a lokacin. Murna ce a kanta. Ya ɗauka hukuma ce ta tuna, ta aiko a yi gaisuwa. Daga baya ya gaya mini haka da bakinsa. Ya miƙe. Da ya miƙe kowa ya miƙe, hilla uku, lokaci ɗaya, yadda suka yi ta yi tun safe. Tabarmi suka yi ƙara. Suka ɗaga hannu suka nufi baƙi.

"Sabit!" mai tauraro ya daka tsawa. "Sabit makanak!"

Wato kowa ya tsaya inda yake. Na gaba sun ji, sun tsaya. Na baya ba su ji ba, Fatiha na bakinsu, suka turo na gaba. Soja suka ja da baya har suka jingina da lori. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙaras, ƙaras, ana ɗana bindigogi.

Sai Labbo ya ɓullo ta bayan masallaci. Tsawa ya ji ya zo dubawa. Ba riga, jini har gwiwar hannu, wuƙar fiɗa a hannunsa. Na tabbata ya ma manta tana nan. Sojan da ke ƙarshen layi ya juya ya gan shi.

Harbin farko shi kaɗai ya fita. Tas. Aka yi tsit, har na ji mai na tartsatsi a tanda. Sannan sauran suka buɗe.

Ban san tsawon lokacin ba. Rumfa ta rufta a kan mutane. Harsashi na ratsa danga yana wucewa. Yaya Tumba ta zauna daɓas, ta dube ni kamar za ta ƙarasa tsokanar, ta kife a kan tandarta. Mai ya zuba a wuta, wuta ta kama danga. Kulu ta farka a bayana, ba ta yi kuka ba, sai ƙanƙame ni da ta yi. Har yau ba na suyar waina. In maƙwabta na yi, barin gidan nake yi sai an gama.

Mata suka yi tur'a da gudu. Ni na yi masallaci. Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta kai ni. Hayaƙi ya rufe fili. Ana kiran sunaye, ana salati.

"Argud! Argud!"

Soja ne ke kwantar da waɗanda suka rage ruf da ciki. Na bi ta bayan bango. Labbo na kwance kusa da gawar bijimin da ya feɗe rabi, jininsu ya haɗu a ƙasa. Harsashi ya shiga ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Idonsa biyu. Ya ce in tafi da yarinya. Na kwance ɗankwalina na cusa a ramin, na ɗaure da igiyar da aka ɗaure ƙafar bijimin da ita. Na ja shi, ko motsi bai yi ba. Labbo ƙato ne.

Sai ga Baba ya fito daga hayaƙi da rarrafe, ba rawani. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, shi da ke gaban kowa. Liman ne ya faɗo a kansa ya rufe shi. Baba ya dubi raunin Labbo. Ya ce akwai shafahana, ƙaramin asibiti, a ofishin auduga na kudu, ya san likitan wurin. In muka kai shi kafin jini ya ƙare, zai tashi. Hajj Abdalla ta fi kusa, amma ta can motocin suka fito. Na duba turke, jaki ya tsinke igiya ya gudu.

Baba ya durƙusa ya juya wa Labbo baya. Labbo ya gane. Ya rufe ido ya girgiza kai. Ya ce in gaya wa Baba ba zai hau bayansa ba, gara a bar shi nan. Baba bai jira na isar da saƙon ba. Ya kama hannuwansa ya ja shi bisa kafaɗa kamar buhun auduga, ya miƙe da ƙyar. Tsoho mai furfura, goye da mijin 'yarsa. Na ga hawaye a fuskar Labbo, na kuma san ba na ciwo ba ne.

Muka shiga auduga. An gama tsinka, karan ya bushe, iyakarsa ƙugu, ba ya ɓoye mutum a tsaye. Muka bi ƙaramar magudanar da ke ratsa gonaki, a sunkuye, laka na riƙe ƙafa. Bayanmu harbi ya koma ɗaiɗai. Tas. Shiru. Tas. Wannan ya fi na farko tsorata ni, don na san kowane ɗaya sai an duba mutum ake sakinsa. Na juya sau ɗaya. Baƙin hayaƙi ya tashi daga inda gidajenmu suke. Ɗakunanmu na ciyawa ne, ga tarin karan dawa a kowane gida. Ba sai an cinna musu ba.

Azahar ta yi mana a hanya, ba wanda ya yi salla. Ranar Jazira a watan nan ba ta da tausayi. Inda magudana ta ƙafe ƙasa ta tsattsage, ƙafa na faɗawa cikin tsaga. Baba ya yi tafiya kaɗan ya durƙusa, ya huta da shi a baya, ya sake miƙewa. Farar rigarsa ta koma ja daga wuya har ƙasa. Numfashin Labbo na fita da ƙara kamar zugazugin maƙeri. Wasu suka wuce mu a guje, mutanen hillar gabas, ba wanda ya dubi wani. Wata mata ta wuce riƙe da faifai, faifai kawai, tana ta kiran Sa'idu.

Lori ya biyo ta kan gaɓar tur'a. Muka kwanta cikin laka. Na jawo Kulu gaba na cusa mata nono don kada ta yi kuka. Ina jin ƙugin motar har cikin haƙorana. Ina jin wani soja na tari a bisa, wani na magana. Ta wuce. Da muka ɗago, Baba bai iya tashi ba sai da na tallafe shi.

Labbo ya nemi ruwa. Na ɗebo na magudana da tafin hannu na kai bakinsa. Ya datse leɓe, ya karkata ido wajen Baba. Mutum na mutuwa yana jin kunyar sha gaban surukinsa! Raina ya ɓaci, saura kaɗan in zage shi. Baba ya tashi ya matsa gaba, ya ba mu baya, ya zauna yana kallon gonaki. Sannan Labbo ya sha.

Gab da la'asar muka kai wata ƙofar ruwa. Akwai ɗakin gafir, mai gadin ruwa. Balarabe ne dattijo, ban taɓa ganinsa ba. Ya fito ya dube mu. Bai tambayi ko mu su wane ne ba. Ya ce la haula, ya shiga ya zubar da shimfiɗarsa ƙasa, ya fito da angarib, gadonsa na igiya. Aka ɗora Labbo. Gafir ya kama gaba, Baba ya kama baya. Ni ina gefe ina danne ɗankwalin da hannu. Jini na ɗiga ta tsakanin igiyoyi. Yanzu tafiya ta yi sauri, na fara sa rai.

La'asar sakaliya muka hango kwanon shafahana yana ƙyalli tsakanin itatuwan darbejiya. Kusa ƙwarai, da ka yi kira za a ji. Gafir ya tsaya cak. Ya sauke gado a hankali. A ƙofar asibitin akwai lorin soja.

Muka ja gadon cikin auduga. Baba ya laluba aljihu. Ya ce jinsiyyarsa na jikinsa, zai je ya nuna musu, shi ɗan ƙasa ne, ba za a hana ɗan ƙasa magani ba. Labbo ya riƙe bakin zanena. Ya ce in gaya wa Baba ya dubi rigarsa. Baba ya duba. Ya zauna.

Gafir ne ya je. Muna kallonsa har ya shige. Ya daɗe. Da ya dawo ya ce soja na ciki, sun zauna jiran duk wanda za a kawo da raunin bindiga. An riga an jefa mutum biyu cikin lori ba a ko ɗaure musu ciwo ba. Ya sami likita a bayan ɗaki ya raɗa masa. Likita ya ce da zarar sun tafi zai fito da jakarsa, mu jira.

Muka jira. Idona na kan lorin. Wani soja ya fito ya kewaya ya koma. Wani ya kunna taba. Aka kai musu shayi a faranti. Tsuntsaye suka fara komawa itatuwa. Kowace ƙara na ji sai in ce injin ne aka tayar. Leɓen Labbo ya yi fari. Hannunsa ya yi sanyi cikin nawa, ga zafin da ake yi. Tsoro ya cika ni har na kasa addu'a, sai sunan Allah kawai nake ta maimaitawa.

Baba ya matso bakin gadon. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya kira sunansa kai tsaye.

"Labbo. Ni na tara mutanen ga. Ni na jawo maka. Ka yafe mani."

Labbo bai dube shi ba. Ni ya duba. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

"Gaya ma Baba, ban feɗe sa don Mai Tuta ba. Har gobe ban yarda da shi ba. Don Baba na feɗe shi. Da za a sake, da na sake."

Na juya na maimaita wa Baba kalma kalma yadda na saba, ko da yake ya ji. Baba ya rufe fuska da hannun riga.

Aka kira magariba a wani ƙauye nesa. Gafir ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa. Numfashin ya yi tsawo, ya tsaya, ya dawo, ya tsaya. Ina jira ya dawo sai na ji an tayar da injin. Lorin ya juya, ya kunna fitila, ya bi hanyar arewa. Likita ya iso da gudu da jakarsa. Ya taɓa wuyan Labbo. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce Fatiha. Cikinmu ba wanda ya iya miƙewa ya karɓa.

Kafin duhu ya rufa aka yi masa sutura. Ruwan tur'a aka yi wanka da shi. Likita ya koma ya ɗauko zanen gadon asibiti, shi ya zama likkafani. Gafir ya haƙa a kan gaɓa, gindin wata ƙaya. Su uku suka yi salla, likita ya ja. Ni ina zaune nesa da Kulu, tana wasa da yatsuna, ba ta san komai ba.

Ba mu koma hilla ba. A ɗakin gafir muka sami labari daga masu wucewa. Gidaje sun ƙone. An kwashe maza a lori. Waɗanda ba su da takarda an ce za a mai da su Najeriya, ƙasar da ko a mafarki ba su taɓa gani ba. Muka bi gefen hanyar jirgi da ƙafa, muna kauce wa gadoji, har Sinnar. Wani direban lorin gawayi ya ɗauke mu zuwa Damazin, inda ƙanen Baba ke noma. A bayan lorin nan na fara takaba, cikin buhuna, da zanen da ke da jininsa.

Baba ya ƙara shekaru, amma ya zama wani mutum. Bai sake sayen rediyo ba. Bai taɓa zagin Mai Tuta ba, bai kuma sake yabonsa ba. In aka matsa masa sai ya ce mutumin ya ɗaga tuta, wannan ya gani da idonsa, sauran Allah ya sani. Shi ya riƙe Kulu. Da za ta shiga makaranta aka nemi takarda, ya rubuta ta a matsayin 'yarsa, don uba marar jinsiyya ba ya gadar wa 'ya.

Har yanzu ana musun nan. Samarinmu na zama wajen mai shayi, rabin maganar Larabci, wannan ya ce uban ƙasa ne, wancan ya ce uban wasu dai. Wani lokaci su juyo su ce, Hajja, ke da kika ga zamanin, me kika ce? In ce musu ni ban taɓa ganinsa ba. Na dai san ya ci mini miji, alhali yana kabari a lokacin, bai ma san an yi ba. Ban san wa zan yi fushi da shi ba, shi ya sa fushin ya ƙi ƙarewa.

Waɗanda na sani da sunansu ina ambatonsu bayan salla. Liman. Yaya Tumba. Mai shela da ƙanensa. Tsoho Arzika mai ɗinkin takalmi, da ya zo don nama kawai. Na hillolin baƙi ban san sunayensu ba. Sa'idun da matar nan ke kira, ban taɓa jin ko ta same shi ba.

Bayan rasuwar Baba, Kulu ta yi aure ta haihu, ta ce in kai ta ta ga kabarin ubanta. Muka hau mota har ofishin auduga na kudu. Shafahana na nan, an yi mata sabon fenti. Gafir ya daɗe da rasuwa, wanda ke ɗakin bai san labarin ba. An kawo injin ya yashe tur'a, ya jibge laka a kan gaɓa, tudu miƙaƙƙe har iyakar gani. Ba ƙaya ko ɗaya. Na yi gaba, na dawo, na sake yin gaba. Kulu na biye da ni da jariri a baya, tana jira. Rana ta yi zafi, yaron ya fara kuka. Na tsaya na nuna mata wani wuri. Ta durƙusa ta daɗe tana addu'a, ta shafa ƙasar da hannu.

Ba na jin nan ne kabarin.